Jagorar Matafiyi: Tanadin Inshorar Lafiya da Samun Asibiti a Ƙasar Waje

Zariya gari ne na matafiya. Malamai da ɗaliban Jami'ar Ahmadu Bello suna fita ƙarin karatu ko halartar taro a Malesiya da Ingila da Jamus, 'yan kasuwar Sabon Gari da Tudun Wada suna zuwa saro kaya Dubai da Sin da Turkiyya, maniyyata kuwa ba sa yankewa tsakanin Umara da Hajji, ga kuma masu kai iyayensu Alƙahira ko Indiya neman magani. Kusan kowa a cikinsu yana mai da hankali sosai a kan fasfo da biza da tikiti da guzuri, amma batun abin da zai faru idan ciwo ya kama shi a can sai a bar wa ejan, shi kuma ya haɗa wata takardar inshora a cikin takardun neman biza, wadda mai ita bai taɓa karanta ko layi ɗaya a cikinta ba. Jami'in biza kallo ɗaya yake yi wa wannan takarda, amma ainihin aikinta yana zuwa ne ranar da mutum ya faɗi a ƙasar da ba shi da ɗan'uwa, kuma ba ya jin harshen likitan da ke tsaye a kansa. Saboda wannan ranar ake bin matakan da ke tafe.

Da farko a san cewa rajistar da ma'aikaci yake da ita a ƙarƙashin hukumar inshorar lafiya ta ƙasa, NHIA, ko ta Jihar Kaduna, KADCHMA, tana aiki ne a asibitocin cikin gida, ba ta bin mutum ƙetare. Haka kuma ofishin jakadancin Najeriya yana iya taimakawa wajen tuntuɓar iyali ko sabunta takardu, amma ba aikinsa ba ne biyan kuɗin asibitin matafiyi.

Mataki na farko: a fara da likitan gida

Tun da sauran makonni shida ko aƙalla huɗu kafin tafiya, ya kamata mutum ya je wurin likitan da ya san shi, ko a Asibitin Koyarwa na Shika ne, ko asibitin Hajiya Gambo Sawaba da ke Ƙofar Gayan, ko na Wusasa, ko asibitin jami'a a Samaru. A auna jini da suga, a duba duk wani ciwo da aka daɗe ana fama da shi, sannan a nemi likita ya rubuta taƙaitaccen rahoto da Turanci a kan takardar asibiti mai hatimi, wanda ya ƙunshi sunan ciwon, da magungunan da ake sha da adadinsu, da duk maganin da jiki ba ya karɓa, da rukunin jini. A roƙe shi ya rubuta sunan sinadarin maganin, ba sunan kamfani kaɗai ba, domin sunayen kasuwa suna bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa. Maganin da muka sani da farasitamol ma a Amurka da wani suna daban ake sayar da shi.

Wasu mutanen suna buƙatar wannan ganawa fiye da kowa. Mai sikila yana buƙatar shawara a kan doguwar tafiya a jirgi, da sanyi, da ƙarancin ruwa a jiki, domin kowannensu yana iya tayar da ciwon. Mai ciwon suga da ke yin allurar insulin yana buƙatar a tsara masa lokutan allura idan agogon ƙasar da zai je ya bambanta da namu da sa'o'i masu yawa, kamar Sin ko Malesiya da suke gabanmu da sa'a 7. Mace mai juna biyu kuwa ta sani cewa yawancin kamfanonin jirage suna neman takardar likita daga mako na 28, kuma ba sa ɗaukarta bayan mako na 36, ko na 32 idan tagwaye ne.

Mataki na biyu: rigakafi da katinsa

Katin rigakafin cutar shawara shi ne takardar lafiyar da aka fi tambayar ɗan Najeriya a filayen jirgi da kan iyakoki. Sashen kula da lafiya na tashoshin shiga da fita, wanda ke ƙarƙashin Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya, shi ne yake bayar da shi, kuma tun shekarar 2019 aka koma sabon kati mai lambar da ake iya tantancewa ta na'ura. Ana yin rajista da biyan kuɗi ta intanet, sannan a je ofishinsu da fasfo da shaidar biya. Ga mutumin Zariya, ofisoshin da ke filin jirgin Malam Aminu Kano da na Abuja ba su da wuyar zuwa. Katin yana fara aiki ne kwana 10 bayan allurar, kuma tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar da cewa allura ɗaya ta wadatar har ƙarshen rayuwa. Masu sayen katin ba tare da an yi musu allurar ba suna cutar kansu ta fuska biyu, domin ga haɗarin a gano jabu ne a tsare su a filin jirgi, ga kuma jikinsu ba shi da kariya daga cutar da take kisa.

Saudiyya tana ƙara wa maniyyata sharaɗin allurar sanƙarau mai kare nau'i huɗu, wadda dole a yi ta aƙalla kwana 10 kafin shiga, tana aiki shekara 3 ko 5 gwargwadon irin wadda aka yi, tare da rigakafin shan inna ga masu zuwa daga Najeriya. Wanda zai zauna a Birtaniya fiye da wata 6 sai ya yi gwajin tarin fuka a cibiyar da suka amince da ita, kamar waɗanda ke Abuja da Legas, ba a kowane asibiti ba.

Mataki na uku: a san dokar ƙasar da za a je

A nan ne bambanci yake da yawa, kuma kuskure a nan yana da tsada.

Ƙasashen Turai masu amfani da bizar Shengen, irin su Jamus da Faransa da Italiya da Sifaniya, ba sa ba da bizar ziyara sai da inshorar da za ta iya biyan aƙalla Yuro 30,000, wadda take aiki a dukkan ƙasashen yankin, ta rufe dukkan kwanakin zama, kuma ta ƙunshi jinyar gaggawa da kwanciya a asibiti da mayar da majinyaci ko gawa gida. Mai biza ta shiga sau da yawa yana nuna inshorar tafiyar farko ne kawai, sauran tafiye-tafiyen nauyin yana wuyansa, kuma mutane da dama suna mantawa da wannan, su koma karo na biyu hannu rabbana.

Birtaniya ba ta tilasta wa mai ziyara yin inshora, wannan kuwa shi yake yaudarar mutane. A Ingila ana duba kowa kyauta a sashen gaggawa, amma da zarar an kwantar da baƙo a ɗakin jinya, ana cajinsa kashi 150 cikin 100 na ainihin kuɗin aikin, kuma bashin asibiti da ya kai fam 500 wanda ba a biya ba yana iya zama dalilin hana shi biza nan gaba. Ɗalibai da ma'aikata masu dogon zama suna biyan harajin lafiya tun wajen neman biza, wanda daga watan Fabrairun 2024 ya koma fam 776 a shekara ga ɗalibi da fam 1,035 ga yawancin sauran manya. Wannan ya ba su damar amfani da asibitocin gwamnati kamar 'yan ƙasa, sai dai bai haɗa da kuɗin dawo da mutum gida ba.

A Amurka, dokar da aka yi a 1986 ta wajabta wa asibitoci su karɓi mai larurar gaggawa ko yana da kuɗi ko babu, amma takardar bashi tana biyo baya, kuma babu ƙasar da jinya ta kai ta tsada. Ana iya gane girman lamarin daga sharaɗin da gwamnatinsu ta gindaya wa masu bizar musayar ilimi ta J-1, wadda malaman jami'a suka fi samu: inshorar dala 100,000 ga kowane ciwo ko haɗari, da dala 50,000 ta ɗauko majinyaci zuwa ƙasarsa, da dala 25,000 ta mayar da gawa. A ganina ko mai ziyarar mako biyu bai kamata ya sayi ƙasa da wannan ba, musamman idan dattijo ne da zai je wurin 'ya'yansa.

A Saudiyya, kuɗin bizar Umara ya ƙunshi inshorar lafiya ta dole wadda take biyan larurar gaggawa har zuwa riyal 100,000. Maniyyaci ya nemi kamfanin jirgin yawon da ya yi masa biza ya ba shi sunan kamfanin inshorar da lambarta, domin da yawa sun biya wannan kuɗi ba tare da sun san suna da haƙƙi ba. Alhazan da suka bi ta Hukumar Jin Daɗin Alhazai ta Jihar Kaduna suna da tawagar likitoci ta hukumar alhazai ta ƙasa, NAHCON, da asibitocinta na wucin gadi a Makka da Madina, ban da asibitocin gwamnatin Saudiyya a Mina da Arafa. Wanda ya shiga da bizar ziyara ya laɓe har lokacin Hajji ba ya cikin wannan tsari ko kaɗan. A Hajjin 2024, lokacin da zafi ya haura digiri 51 a Makka, hukumomin Saudiyya sun sanar da rasuwar mutum 1,301, suka kuma ce kashi 83 cikin 100 na mamatan ba su da izinin Hajji, wato ba su da tanti mai sanyi ko motar da za ta ɗauke su.

A Sin da Masar da Indiya da Turkiyya, asibitoci masu zaman kansu sukan nemi a ajiye kuɗi ko a kawo lamunin kamfanin inshora kafin a fara babban aiki. Ɗaliban Malesiya da Jamus da Ostareliya kuwa inshora tana cikin sharuɗɗan zamansu, makaranta ce take nuna musu hanyar yinta.

Mataki na huɗu: sayen inshorar da karanta ta

A saya daga kamfanin da ke da lasisin hukumar kula da kamfanonin inshora ta ƙasa, NAICOM, wadda take wallafa sunayen kamfanoni masu rajista a shafinta. Kamfanoni irin su Leadway da AIICO da AXA Mansard suna sayar da inshorar tafiya, kuma ofisoshin jakadancin Turai sukan fitar da jerin kamfanonin da suke karɓar takardarsu. Idan ejan ne ya sayo, a karɓi cikakkiyar takardar da rasit, a kira kamfanin da kai a karanta musu lambar, a ji daga bakinsu cewa tana cikin rajistarsu da sunanka kamar yadda yake a fasfo. Akwai ejan na ƙwarai, akwai kuma masu buga takarda a kwamfuta ko su soke inshorar bayan biza ta fito su riƙe kuɗin, kuma kiran minti biyar ya isa ya raba su.

Mutane da yawa a garin nan suna da damuwa ta addini game da inshora, kuma damuwa ce mai tushe. Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta yanke a 1985 cewa inshorar kasuwanci tana da garari, wato rashin tabbas a cikin ciniki, ta kuma halatta ta taimakekeniya, wato takaful. A Najeriya akwai kamfanonin takaful masu lasisi, irin su Noor da Jaiz, sai a tambaye su tsarin da suke da shi na matafiya, a kuma tabbatar ofishin jakadancin yana karɓar takardarsu. Inda doka ta tilasta kuma babu takaful, malamai da dama sun yi sauƙi saboda larura, kuma ya fi kyau mutum ya tambayi malamin da ya amince da shi tun kafin lokaci ya ƙure, maimakon ya tafi babu komai.

Sai kuma karatun takardar, wanda shi ne zuciyar aikin duka. A duba iyakar kuɗin da za su biya, da kason da matafiyi zai fara biya daga aljihunsa a kowace jinya kafin kamfani ya sa hannu. A duba ko kamfanin yana biyan asibiti kai tsaye ne, ko kuwa sai ka biya sannan a mayar maka bayan ka dawo, domin na biyun ba shi da amfani sosai ga wanda guzurinsa bai wuce dala 1,000 ba alhali asibiti yana neman ninkin haka. A duba ƙasashen da take aiki a cikinsu, har da wadda za a yada zango a cikinta, kamar Habasha ko Ƙatar ko Masar. A duba kwanakin, a ƙara biyu ko uku a kan ranar dawowa saboda jinkirin jirgi. A duba iyakar shekaru, domin wasu tsare-tsaren suna rage abin da suke biya ko su ƙi karɓar wanda ya haura 65 ko 70.

Abin da ya fi jawo a ƙi biyan mutane shi ne ciwon da suke da shi tun kafin tafiya. Yawancin inshorar tafiya mai araha ba ta biyan jinyar hawan jini ko suga ko asma ko ciwon ƙoda ko sikila idan dama an san da su, haka nan duk abin da ya samo asali daga gare su. Wanda yake da hawan jini ya samu shanyewar ɓarin jiki a can, kamfani zai ce tsohon ciwo ne ya haifar da shi. Wasu suna ɓoye ciwon a fom don kada kuɗi ya ƙaru, wannan kuwa shi ne mafi munin zaɓi, domin likitocin can za su rubuta tarihin ciwon a fayil tun daren farko, kamfani ya karanta, ya soke yarjejeniyar gaba ɗaya. A faɗi gaskiya, a nemi tsarin da yake biyan jinyar tashin tsohon ciwo ba zato, a biya ƙarin, a kuma karɓi amincewarsu a rubuce. Haihuwa da awon ciki, da gyaran haƙori in ba na gaggawa ba, da haɗarin babur ba tare da lasisi ko hular kwano ba, su ma galibi suna waje.

Wanda zai tafi musamman don neman magani ya sani cewa inshorar tafiya ba ta biyan aikin da aka shirya tun daga gida. Shi abin da yake buƙata shi ne takardar tura majinyaci daga likitansa na Shika, da ƙiyasin kuɗi a rubuce daga asibitin can, da bayanin abin da ƙiyasin bai ƙunsa ba, kamar ƙarin kwanaki a ɗakin kulawa ta musamman. A biya kuɗi a asusun asibitin, ba na dillali ba. Mai rakiyarsa kuwa ya yi tasa inshorar, domin ɗan jinya ma yana kwantawa.

Akwai sashen da ba a son magana a kansa, wato rasuwa. Ɗauko gawa a jirgi yana buƙatar a yi mata magani a rufe a akwati, da takardu masu cin kwanaki, alhali yawancin iyalanmu sun fi son a yi sutura da wuri. Saboda haka a duba ko takardar ta yarda a biya kuɗin jana'iza a ƙasar da aka rasu a madadin ɗaukowa, a kuma sanar da iyali abin da mutum yake so.

Mataki na biyar: shirya magunguna

A ɗauki maganin da zai isa dukkan tafiyar da ƙarin mako ɗaya ko biyu, a cikin kwalinsa na asali, a jakar hannu tare da rahoton likita. Insulin ba ya shiga babbar jaka, domin sanyin ɗakin kaya na jirgi yana iya lalata shi. A Turai da Amurka da Saudiyya ba a sayar da maganin kashe ƙwayoyin cuta ko na hawan jini sai da takardar likita, don haka kada a dogara da cewa za a saya a can.

Tramadol da kodin da wasu magungunan barci suna ƙarƙashin doka mai tsanani a Saudiyya da Masar da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, wadda take neman a nemi izinin ma'aikatar lafiyarta ta intanet kafin a shigo da irinsu. Garin magani da sassaƙe marasa suna suna jawo tambayoyi a kwastan, goro ma haramun ne shiga da shi Saudiyya. Kada a karɓi saƙon magani daga kowa komai kusancinsa, kuma a tsaya a kan kaya har a ga an manna musu lamba. Mutanen Arewa ba su manta da ɗalibar Kano da aka tsare a Saudiyya a ƙarshen 2018 ba, bayan wasu a filin jirgi sun manna sunanta a jakar ƙwayoyin da ba tata ba, sai a watan Afrilun 2019 aka sake ta bayan gaskiya ta bayyana.

Mataki na shida: idan ciwo ya zo a can

Kafin a tashi, a rubuta lambar inshora da lambar agajin gaggawa ta kamfanin a ƙaramar takarda a saka cikin fasfo, a ɗauki hotonsu a waya, a tura wa abokin tafiya da mutum ɗaya a gida. A haddace lambar motar asibiti ta ƙasar: 112 a Tarayyar Turai, 999 a Birtaniya da Malesiya, 911 a Amurka, 997 a Saudiyya, 998 a Dubai, 123 a Masar, 120 a Sin.

Idan larurar ta rai ce, kamar ciwon ƙirji ko karkacewar baki ko wahalar numfashi ko zubar jini, asibiti mafi kusa ake nufa, a kira kamfani daga baya, amma cikin wa'adin da takarda ta faɗa, wanda sau da yawa sa'a 24 ne ko 48. Idan ba ta kai haka ba, a fara kiran kamfanin, su faɗi asibitin da suke hulɗa da shi, su aika masa lamunin biya, su kuma ba da lambar fayil wadda za a riƙa ambata a kowane kira. Kada a amince da tiyatar da ba ta gaggawa ba, ko canjin asibiti, ko sayen tikitin dawowa saboda ciwo, sai da yardarsu. Kada kuma a sa hannu a takardar da ba a fahimta ba. A nemi tafinta, kuma mace tana iya roƙon likita mace idan akwai.

Zazzaɓi yana da hukunci na musamman. Likita a Jamus ko Sin yana iya shekara bai ga zazzaɓin cizon sauro ba, zai ɗauka mura ce, alhali ƙwayar tana iya fitowa mako ɗaya ko biyu bayan an bar gida. A faɗa masa tun a jimlar farko cewa daga Najeriya aka zo, a nemi gwajin jini a ranar.

Mataki na bakwai: bayan sallama da dawowa

Kafin barin asibiti a karɓi rahoton sallama, da sakamakon gwaje-gwaje da hotuna, da takardar kuɗi mai bayanin kowane aiki dalla-dalla, da rasit na asali na duk abin da aka biya, har da na kantin magani da motar asibiti. Idan da Larabci ko Sinanci ko Turkanci aka rubuta, a roƙi kwafin Turanci tun ana can, domin samunsa daga Zariya yana da wuya ƙwarai. Wanda aka yi wa tiyata ya karɓi takardar da ta nuna ya isa shiga jirgi, kamfanonin jirage suna tambayarta. Idan haɗari ne ko duka, a haɗa da rahoton 'yan sanda.

Da an dawo, a cika fom ɗin neman biya cikin wa'adin da aka rubuta, a haɗa da kwafin shafin fasfo mai hatimin shiga da fita da tikitin jirgi, a riƙe kwafin komai. Idan kamfani ya ƙi biya, a nemi dalilinsa a rubuce tare da sashen yarjejeniyar da ya dogara da shi, in ba a gamsu ba a kai ƙorafi sashen ƙorafe-ƙorafe na NAICOM. Rahoton sallamar kuma a kai wa likitan da ya rubuta rahoton farko a cikin makon dawowa, domin ya daidaita magungunan da aka canza a can da waɗanda ake samu a kantunan garin nan, ya kuma sa ranar da za a koma a sake dubawa.